Haihuwar Babban Jariri Bayan Tiyata

Tambaya: An yi mini tiyata a haihuwar fari. Yanzu hoton ciki ya nuna jaririn zai kai kilo 4. Zan iya haihuwa da kaina? Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, yana yiwuwa, domin kusan mata 3 cikin 4 da suka gwada naƙuda bayan tiyata ɗaya kan haihu da kansu, sai dai girman jariri yana rage wannan damar, kuma ƙiyasin hoto kan yi kuskure. Abin dubawa shi ne yadda aka yanka mahaifa: tabon yankan kwance yakan tsage lokacin naƙuda ga kusan mace 1 cikin 200, na tsaye kuwa ya hana gwada naƙuda. Kada ki yi naƙuda a gida. Ki isa asibiti mai ɗakin tiyata, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, da wuri saboda cunkoson hanya.