Ɗana, ga Las Vegas ɗin da na sani

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce jami'ar UNLV da ke nan Las Vegas a Amurka ta ba ka gurbin karatu, amma Yaya ya ƙi sakin jiki, yana cewa ba zai tura ɗansa garin 'yan caca ba. Tsoronsa yana da tushe. Kana sauka daga jirgi, tun kafin ka ɗauki jakarka, injinan caca ne za su tarbe ka, kuma za ka sake cin karo da su a kantin cefane da gidan mai. Daga jami'ar taku zuwa Strip, titin manyan gidajen cacar, bai kai minti goma a mota ba.

Sai dai bayan fitilun nan akwai garin 'yan ƙwadago, kuma a cikinsa muke zaune. A 1905 kamfanin jirgin ƙasa ya yi gwanjon filaye a tsakiyar hamada, aka kafa gari. A 1931 jihar Nevada ta halatta caca, a shekarar kuma aka soma gina madatsar ruwa ta Hoover, leburori suka yi ta kwararowa. Da aikin ya kusa ƙarewa, mutanen gari suka ji tsoron kada a watse a bar su, shi ne wata ƙungiyar zumunta mai suna Elks ta rungumi bikin Helldorado, bikin kaboyi, a 1935 don jawo baƙi. An taɓa daina shi, aka dawo da shi a 2005 da garin ya cika shekara 100.

Ran da na fara ganin jerin gwanon bikin, cikin watan Mayu, sai da hawan sallah ya faɗo mini a rai. Ga mahaya da faffaɗan huluna, ga 'yan makaranta da ganguna, ga motocin kashe gobara. Kusa da ni wata tsohuwa ce a kan kujerar roba, riƙe da laima. Da ta hango jikarta cikin masu busa sai ta miƙe tana kwaɗa mata kira, idonta cike da hawaye. Daga baya ta ce mini shekara talatin ta yi tana gyaran ɗakuna a otal.

Irinta ne suka riƙe garin nan. Ƙungiyarsu ta ma'aikatan otal, Culinary, tana da mutum wajen 60,000, kuma ta taɓa yin yajin aiki a otal ɗin Frontier daga 1991 har 1998. Shugabarta a lokacin, Hattie Canty, ita ma da gyaran ɗakuna ta fara.

Ka san wannan ma, tunda baƙar fata ne kai. A da mawaƙa baƙar fata irin su Nat King Cole kan cika zauren Strip da waƙa, a hana su kwana a otal ɗin, sai su koma Westside, unguwar baƙar fata. A 1955 aka buɗe otal ɗin Moulin Rouge a can, inda fari da baƙi ke shiga ta ƙofa ɗaya, amma wata shida kawai ya yi. Sai a Maris 1960, da Dokta James McMillan, jagoran masu fafutukar 'yancin baƙar fata a garin, ya ce zai fito da jama'a zanga-zanga, masu otal suka janye wariyar. A Westside ɗin nan Masjid As-Sabur yake, kuma duk Janairu ana jerin gwanon tunawa da Martin Luther King.

Ka kwantar wa Yaya da hankali kan batun aiki: bizar ɗalibi a cikin makaranta ta yarje maka yin aiki, awa 20 a mako lokacin karatu. Abin da na fi jiye maka kaɗaici ne, don shi ke kai yaro gaban inji da tsakar dare. Saboda haka Juma'arka ta farko tare za mu je masallaci, in haɗa ka da mutane.

Kada kuma ka raina zafin nan don ka saba da na gida. A Yulin 2024 ya kai digiri 49. A Agusta za ka iso, ka nemi ɗaki kusa da Maryland Parkway, titin da jami'ar take, yadda za ka riƙa takawa zuwa aji. Ka ce wa Yaya zan kira shi ran Lahadi, in sha Allahu.