Hukuncin Hana Yaro Ɗigon Shan Inna Saboda An Gaji da Maimaitawa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, masu rigakafin shan inna sun ishe mu. Yau su zo, bayan wata biyu su dawo, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai ka sayi magani da kuɗinka. Ina da laifi idan na hana su 'ya'yana?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, kukanka yana da tushe. Rashin magani a asibitin unguwa zalunci ne da hukuma za ta amsa. Zargin da wasu ke yi wa rigakafin ma ba daga sama ya faɗo ba: a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 suka rasu. Sai dai wancan maganin gwaji ne ga marasa lafiya, ba rigakafi ba. Da Kano ta dakatar da ɗigon a 2003 zuwa 2004, cutar shan inna ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Rigakafi halal ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci dabinon ajwa bakwai da safe, guba da sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba, kuma da wannan Shehu Ibn Baz ya kafa hujjar halaccin tare cuta kafin ta zo.

Maimaitawar tana da dalili. Ɗigo biyun nan a hanji suke aiki, kuma yaron da ke yawan gudawa sau da yawa ɗigon kan wuce bai kama ba, sai an sake. Ƙari ba ya cutarwa. An tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, amma wani nau'inta yana yawo har yanzu a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba, kuma ƙafar da ta shanye ba ta da magani.

Don haka hanawa saboda gajiya ko fushi da gwamnati bai halatta ba inda cutar ke yawo, domin lafiyar yaro amana ce a wuyanka, kuma shi zai ɗauki cutarwar. Mura ko ɗan zazzaɓi ba uzuri ba ne; mai jinya mai tsanani ne ake kai wa likita tukuna. Kada kuma ɗigon gida ya sa a bar allurar asibiti: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Wallahu a'alam.