Ina lakar da ambaliya take bar mana?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, jarfinmu, wato gonarmu ta gaɓa, na bakin bahar, kogin Nil Azrak, tun na kakanni. Da in ruwan damina ya janye laka baƙa yake bari har ƙafa ta nutse, mu shuka wake da kuɓewa ba taki ba komai. Yanzu ɗan shafe kawai, gaɓar ma sai zubewa take. Me ya jawo haka?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan lakar asali ba tamu ba ce, ƙasar gonakin mutanen Habasha ce. Can kan tsaunuka jama'a sun yi yawa, an sare daji, ana huɗa da shanu har kan gangare, dabbobi sun cinye ciyawa, to ruwan Yuli da Agusta in ya sauko ba abin da zai riƙe ƙasa sai ya kankare ta ya zubo cikin Nil Azrak, shi ya sa kake ganin bahar ya koma kamar kunu. Da ya fantsama kan fadama gudunsa ya ragu, yashi ya fara kwanciya kusa da gaɓa, laka mai laushi ta wuce can ciki inda ruwa ke tsayawa.

Amma fa ba gonarku kaɗai take sauka ba. Hazzan, wato dam, na Sennar da aka gama 1925 laka ta cinye fiye da rabin cikinsa, magudanan ban ruwan gonakin Jazira kullum yasa ake, dam ɗin Rusairis na 1966 sai da aka ƙara masa tsayi a 2013. Sannan ga babban dam ɗin Habasha dab da iyaka da aka fara tara ruwa a 2020, yanzu mafi yawan lakar can take kwanciya, ambaliyar ma ta yi sanyi. Ruwan da aka tace masa laka kuwa gaɓa yake ci, zubewar da kake gani ke nan.

Mu ma muna da hannu gaskiya, bagaruwar bakin bahar da saiwarta ke riƙe gaɓa ta tafi gawayi, masu bulo kuma suna kwashe lakar da ta rage. Ka bar ciyawa da itatuwa a bakin gaɓa kar a nome har ƙarshe, ka fara kai takin dabbobi, kuma kar ka ba masu bulo hayar jarfin ko nawa suka taya.