Amsa: rumfar katako a bayan gida, za ta iya da dusar ƙanƙara?

Ɗan uwa barka da shiga sabon gida. Ka ce ka tarar da rumfar katako a bayan gidan ku a Otawa, kana tsoron kar hunturu ya kayar da ita. To ni shekarata ta farko a Kanada sakaci na yi, dusa ta taru a kan rufin rumfata har katakon tsakiya ya lanƙwashe, wallahi da dare ina jin yana ƙara ƙas-ƙas.

Jiƙaƙƙiyar dusar ita ce matsala, ta fi busasshiyar nauyi nesa ba kusa ba, musamman in ruwa ya biyo baya ya daskare. Ka sayi dogon abin jan dusar nan na rufi, kana tsaye a ƙasa kana jawowa, kar ka kuskura ka hau sama santsi ne. Ka duba gindin ginshiƙan ma, in ba a kan siminti suke ba wanda ya shiga ƙasa sosai har ya wuce inda sanyi ke daskarar da ita, ƙasa in ta daskare kumbura take ta ɗaga su, rumfar ta karkace. Gishirin da ake zubawa a hanya kuma kar ya kusance ta, yana cin ƙusoshi, shebur na roba ya fi.

Fenti ko man katako sai da rani, in katakon ya bushe sarai. Kuma don Allah in ka rufe ta da tamfol kar ka kunna gawayi a ciki wai za a gasa nama, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.