Tambaya da Amsa: Wace Sana'a ce Za Ta Karɓi Ɗana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, shan inna ta taɓa masa ƙafafu tun yana goye, da keken hannu yake yawo. Bana zai gama ƙaramar sakandare. Dangi sun ce a kai shi wajen mai gyaran takalmi, wai ita ce sana'ar masu irin larurarsa, shi kuwa ɗinki yake so. Ta yaya zan gane wadda zai iya? Daga wani uba a karkarar Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya raya shi. Dangin nan sun dubi ƙafa ne suka yanke hukunci, alhali ɗinki aikin ido ne da hannu da haƙuri. Ba a zaɓa wa yaro sana'a da sunan larurarsa. Gwada shi ake yi a kan aikin kansa, a rubuta abin da aka gani.

Ka nemi sana'o'i uku waɗanda kekensa zai kai shi wurinsu ba tare da an tura shi ba, har da ɗinkin da gyaran takalmin. Ka roƙi kowane maigida ya riƙe shi mako biyu, ka kuma faɗa masa gwaji ne, kada ya mai da shi ɗan aike ko mai gadin shago. A wajen tela, a fara da zura zare a allura da karanta tef. Sannan a zana layuka a takarda, miƙaƙƙe da mai kwana, ya bi su da keken ɗinki babu zare. Hujin allura zai nuna inda hannunsa ke kaucewa. Daga nan ya yanka tsumma a kan layin alli, ya haɗa ƙyalle biyu da ɗinki mai tsawon santimita 50. A duba agogo a rana ta 1, ta 5 da ta 10. Saurin ranar farko ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne ko lokacin yana raguwa, kuskuren yana ja baya.

A gefen kowane aiki a sa lamba: 0 in ya yi da kansa, 1 in sai an tuna masa da baki, 2 in sai an sake nuna masa, 3 in sai an kama hannunsa. Kalmar "yana ƙoƙari" da masu gida ke faɗa don kunyar iyaye ba za ta amfane ka ba, amma 3 da ta koma 1 cikin kwana goma magana ce.

Inda aka fi zaluntar irin ɗanka shi ne keken ɗinkin. A ɗora shi a kan na takawa, ya kasa, a ce ba rabonsa ba ne. A fara dubawa ko ƙafa ɗaya tana da ƙarfin takawa, don wasu da ita kaɗai suke ɗinki. In babu, a sa wa keken mariƙin juyawa da hannu. Aibinsa, hannu ɗaya ne zai rage na riƙe yadi, sai aiki ya yi nawa. Ƙaramin moto ya fi, a ɗora matakinsa a kan tebur ya danna da gwiwar hannu, sai dai yana son wuta, a ƙauye kuwa wannan batun sola ne da kuɗinta. Ƙarƙashin tebur ya kai santimita 70 domin gwiwa ta shige, faɗin ƙofa 90. Dokin ƙofa mai tsayin santimita 15 yana bukatar gangara mai tsawon 180, in ta gaza haka keken hannunsa zai iya kifewa da shi ta baya. A lura da minti nawa yake zama kafin baya ya fara ciwo. In ƙugu ko kafaɗa na damunsa, a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano su duba zamansa da takalmin ƙarfensa.

Abu biyu da ake mantawa, suna kuma iya korar yaro daga koyon sana'a: makewayin da zai iya shiga, da hanyar shago idan damina ta zauna. Ka ƙirga telolin garinku ma, domin ɗinkin ƙauye na Sallah ne da biki. Wanda ya haɗa da kayan makaranta ko aikin hula ba ya zaman banza.

Kada kuma sana'a ta cire shi daga aji. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma nemi a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Gurbin nan sai da takarda. Ya je shago da yamma.

TAMBAYA: 'Yata kurma ce, ta yi karatu a makarantar masu bukata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano. Na kai ta koyon sabulu da man shafawa, mai koyarwar ta ce ba ta ganewa. Anya ba kanta ne ba? Daga wata uwa a yankin Gaya.

AMSA: Hajiya, yarinyar da ta zauna aji ta yi rubutu, da wuya kanta ne. Mun fi zargin hanyar koyarwar. Alamun da ake koyarwa a makaranta sun sha bamban da maganar hannu ta cikin gida, malamar kuwa mai yiwuwa ba ta san ko ɗaya ba, tana bayani ne da baki, kanta sunkuye a kan roba.

A sake gwajin haka: malama ta yi aikin daga farko har ƙarshe yarinya na kallo, su yi tare, sannan ta yi ita kaɗai. Kada a haɗa nuni da bayani lokaci guda, ido ɗaya ba ya kallon hannu da fuska tare. A ɗauki kowane mataki a waya, a rubuta awo da lamba a manna a bango, kowane sinadari da kofinsa mai launi daban. Matakin soda ne ba a wasa da shi: ita ake zubawa a ruwa, ba a zuba mata ruwa, da safar hannu, a wuri mai iska, don ba za ta ji ihun "tsaya!" ba. Ku shirya alamar haɗari guda tun kafin a buɗe leda. A duba idonta kuma, a asibitin ido, tun da shi take ji. Sai a gwada ta a ciniki da ba da canji, da allon farashi a rubuce. 

TAMBAYA: Ina da ɗalibi ɗan shekara 17 mai jinkirin fahimta, yana kuma da farfaɗiya. Kiwo zai yi masa? Daga wani malamin firamare a yankin Birnin Kudu.

AMSA: Zai iya, Malam, amma a turke cikin gida, da tumaki biyu. A gutsuttsura aikin: share turke, auna dusa da gwangwani mai zane, zuba harawa, sauya ruwa, ɗaure ƙofa. A yi masa huɗun farko ya ƙarasa na biyar, in ya zauna masa a bar masa biyun ƙarshe, a haka har ya kama duka. A yi amfani da lambobin da muka faɗa a sama, tsawon wata guda, domin irinsa yakan iya yau ya manta jibi. Ban da jan ruwa a rijiya, kai dabbobi bakin kogi, hawa rumbu, zama kusa da wuta ko injin niƙa. A rubuta ranar da ciwon ya tashi da lokacin shan magani, a nuna wa likita. In yana yawan gyangyaɗi da safe, a faɗa wa likitan, wani maganin kan jawo haka, kuma iyaye kada su rage shi da kansu.