Me ya sa alƙaluman cinikin motoci na duniya ke saɓawa?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa rahotanni biyu kan bayar da adadi mabambanta na motocin da aka sayar a shekara guda. Asalin saɓanin shi ne abin da kowane rahoto ya ƙidaya, domin wani yana lissafa motocin da masana'antu suka ƙera, wani waɗanda aka tura wa dillalai, wani kuma waɗanda aka yi wa rajista a karon farko, kuma a ganina wannan na ƙarshe ya fi kusa da gaskiyar abin da masu saye suka karɓa.

Sai batun rukuni. Ƙungiyar masu ƙera motoci ta duniya, wato OICA, da ke Faris tana raba motoci gida biyu, na fasinja da na kasuwanci, amma a Amurka ana sanya a-kori-kura da yawancin manyan jif-jif cikin rukunin ƙananan motocin kaya, ko da iyali ne ke hawansu. Haka kuma idan aka ce Toyota ta sayar da motoci kimanin miliyan 11.2 a 2023, an haɗa da motocin Lexus da Daihatsu da Hino, waɗanda duk suke ƙarƙashinta a lokacin. 

Ka lura cewa sababbin motoci kawai ake nufi. Motocin Kwatano da dillalanmu na Sakkwato ke sayarwa an riga an ƙidaya su a Turai ko Amurka ranar da aka fara sayensu, shi ya sa kason Najeriya yake fitowa ɗan kaɗan duk da cunkoson da kake gani a bakin Babbar Kasuwa.