Amsar da na ba Kawu kan fim ɗin matar nan mai ƙanjamau

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Kawu, ina wuni, ya gajiya, ya mutanen Argungu? Ku yi haƙuri sai yanzu, yau ranar awo ce, tun safe ban ɗora wayar a hannu ba. Na saurari muryarku. Kun ce fim ɗin da su Inna ke kallo, wanda aka nuna mace mai ƙanjamau ta yi aure har ta haihu lafiya, ko gaskiya ne ko sharar 'yan fim, kuma ko wannan ba zai cire wa yara tsoro ba. To bari in faɗi abin da nake gani da idona a asibitin da nake aiki.

Ta farkon dai gaskiya ce, Kawu. Mace mai ɗauke da ƙwayar, in tana shan magani kullum tun da ciki, ta haihu a asibiti, aka ba jaririn nashi na ruwa na sati shida, yawanci yaron kan fito ba shi da komai. Nono ma tana ba shi. In ba magani, cikin yara 100 ana iya samun 15 har zuwa 45 su kamu. Da magani abin yana sauka ƙasa da biyar. Mijin ma haka, in ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta a jini, ba ta sa mishi ta hanyar auratayya. Maganin kuma yanzu ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta ake bayarwa tun 2006.

Ta biyun ce nake so in daɗe a kai, maganar tsoro. Kawu, ku tuna irin finafinan da muka tashi muna kallo a kaset. Mai ƙanjamau kullum ɗan duniya ne, ko karuwa, ko wanda ya je Legas ya dawo. Can ƙarshen fim a kwantar da shi kan tabarma, a shafa mishi toka a leɓe, yana tari yana neman gafara, a sa kiɗan tausayi, ya cika. An ba mu tsoron, ba ƙarya. Amma me muka koya? Mun koyi cewa ciwon ana ganinshi a fuska, kuma duk mai shi shi ya jawo wa kanshi. Har sunan kabari kusa aka sa mishi. To wallahi wannan hoton shi nake fama da shi har yau. Mutum ja-jir da ƙibarshi in ce ya yi gwaji, ya ce mini ke, dube ni mana, na yi kama da mai ita? Wata kuma taifod ne kawai ya ramar da ita, amma unguwa ta riga ta yanke mata hukunci, masu sayen ƙosanta sun watse.

Kuma mafi yawan waɗanda ke zama gabana ba su yi kama da na fim ba ko kaɗan. Matan aure ne, wasu ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu. Akwai zawarawa, akwai yaran da aka haifa da ita, yanzu sun zama samari da 'yan mata. Ga kuma masu ɗauka ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani.

Akwai wata baiwar Allah, ba zan faɗi garinsu ba. In ta karɓi magani, nan gabana take juye ƙwayoyin cikin gwangwanin man shafawa da ta wanke, ta bar mini robar, don kada kishiya ta ji ƙarar su a jaka. Akwai wurin karɓa kusa da ita, amma sai ta biya kuɗin mota ta zo har Birnin Kebbi, saboda can ɗan maƙwabcinsu ne ke ba da kati. Ran da ba kuɗin mota, ba magani. Ku gaya mini, Kawu, wannan tsoron me ya kare?

Ita ce kuma ta ba ni labarin da ya sa na daina raina wasan kwaikwayo. Surukarta ta san halin da ake ciki, ta ware mata kofi da kwano, ko tuwo ba a sa hannu tare da ita. Na yi wa tsohuwar nan bayani ya fi sau uku, cewa ba a ɗauka ta kofi, ko musabaha, ko cizon sauro. Ta ce to, to, Allah Ya kyauta, ta koma gida ba abin da ya sake. Sai wata rana jikokinta suka turo wani shiri a waya, irin wanda ake turawa a shagon caji, suna kallo a tsakar gida bayan isha'i. A ciki wata dattijuwa mai carbi ta jawo kwanon matar ɗanta mai ciwon ta sa hannu suka ci tare. Ta ce tsohuwar shiru ta yi, can ta ce, ashe masu salla ma na ci da su. Ba ta ba ta haƙuri ba fa, kun san manya. Amma bayan kwana biyu ta ce miƙo mini kofinki in sha, na nesa ya yi mini wuya. Ni da takardata da farar rigata ban iya ba.

Ba a nan kaɗai ba ma. Akwai shirin MTV Shuga, wasan kwaikwayo ne na talabijin da ke taɓo batun ƙanjamau, ya faro a Kenya a 2009, ya zo Najeriya a 2013. Bankin Duniya ya sa an bi matasa wajen 5,000 a ƙasar Yarabawa, aka ga waɗanda suka kalla sun fi waɗanda ba su kalla ba zuwa gwaji kusan ninki biyu. Sai dai ni ba zan kunna wa Inna shi ba, rayuwar Legas ce, tun a shigar 'yan matan za ta ce a kashe. Mu namu sai an ga zaure da liman da uwar miji a ciki kafin ya shiga.

Inda na yarda da ku, Kawu, wasu masu shirin suna zarce gona da iri. Sai a nuna kamar an sha magani wata biyu an warke. A'a. Ba a warkewa, shan magani ne har iyakar rai, wanda ya daina sha, ciwon ya dawo, wani lokaci ma maganin ya daina yi mishi aiki. Wani fim ɗin kuma likita ne zai kira dangi falo ya sanar da sakamako gaban kowa, don a samu wurin kuka da suma. Wannan na fi jin haushi, don mutane na ɗauka haka muke yi, sai su ƙi zuwa. Mu ba mu da ikon faɗa wa kowa sai da yardar mai shi, akwai ma dokar hana tsangwamar masu ciwon tun 2014, wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta a kan haka. Binciken ƙasa na 2018 ya ce mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, kun ga ba a rasa su a sahun masallaci ko wurin biki, ba mu sani ba ne kawai.

Don haka ku bar su Inna su ƙarasa kallonsu. In ma da hali ku zauna ku ga kashi ɗaya, ku ji abin da yaran ke tambaya. Batun gwajin auren autarku kuma da kuka taɓo a ƙarshe, wannan ba na cikin guruf ba ne, zan kira ku gobe bayan azahar in Allah Ya kai mu. A gaida Inna, a ce mata maganin hawan jininta na nan na saya, direba zai kawo ranar Juma'a. Sai da safe.